Wasiƙa daga Kansas: yadda shanu suka gina garin Abilene

Manhattan, jihar Kansas

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Ka ce ƙafar ta sake tashi da shigowar sanyi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka gaishe mini da Inna, ka faɗa mata yajin da ta aiko har yanzu da sauransa, da kaɗan-kaɗan nake ɗiba don ya kai ni ƙarshen hunturu.

Na ga saƙonka tun watan jiya, inda kake tambaya ko na ga kaboyi da idona, irin waɗanda muke kallo muna yara. Na yi shiru ne saboda amsar ta fi ƙarfin saƙon waya. Ranar Asabar da ta wuce na je wani gari da ake kira Abilene, yamma da nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Tun da na dawo kai da Baba nake ta tunani, don haka na ce sai na zauna na rubuto maka a tsanake, kamar yadda muke hira a dakalin ƙofar gidanku bayan Isha.

Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai 7,000 ba. Shiru kake ji, sai manyan rumbunan alkama na siminti da layin dogo da ya ratsa ta tsakiya. Yawancin baƙi suna zuwa ne don ganin gidan da Eisenhower ya tashi, tsohon shugaban Amurka, a can ma kabarinsa yake. Ni layin dogon ne ya kai ni. Na tsaya a gefensa, iska tana kaɗa busasshiyar ciyawa, sai na ji kamar ina tashar Nguru da yamma. Kamar yadda jirgi ya iso garinmu a 1930 ya mai da shi matattarar shanu da fata da busasshen nama da ake kaiwa Kudu, haka jirgi ya yi wa Abilene. Bambancin shi ne nasu cin kasuwar shekara biyar kacal ya yi.

Asalin wurin zangon matafiya ne. A 1857 wani mutum mai suna Timothy Hersey da matarsa Eliza suka haƙa ɗaki a jikin gaɓar wani rafi da ake kira Mud Creek, wato rafin taɓo, suna ciyar da fasinjojin keken doki masu nufar yamma. Matar ce ta zaɓo sunan Abilene daga cikin Linjila. Kafin zuwansu ƙasar ta 'yan asalin nahiyar ce, irin su ƙabilar Kansa da jihar ta ci sunansu, kuma filin na wasu manyan ɓaunaye ne masu gashi da ke yawo dubbai-dubbai. Cikin 'yan shekaru aka tura mutanen kudu, aka harbe ɓaunayen. Wannan gefen labarin ba a cika jan sa da tsawo ba a nan, amma ni ban iya taka filin ba tare da ya faɗo mini a rai ba. Shekara goma bayan zuwan Hersey, duk garin bai wuce bukkokin katako goma sha biyu ba, yawancinsu rufin ƙasa.

To, can kudu a jihar Texas wani abu yana faruwa. Daga 1861 zuwa 1865 Amurka tana yaƙin basasa, maza sun tafi fagen daga, hanyar kasuwa ta toshe, shanu suka yi ta haihuwa a daji ba mai kula. Da aka gama yaƙi sai ga shanu miliyoyi, kuɗi kuwa babu. San da za a sayar dala 4 a Texas, in ya isa biranen arewa sai ya kai dala 40. Na ga irin shanun, har yau akwai masu kiwonsu. Ka ɗauko rahaji ka cire masa tozo, ka shimfiɗa ƙahonnin gefe da gefe maimakon sama, to ka gan su. Dogayen ƙafafu, jikin ba kitse, ga jure ƙishirwa da doguwar tafiya. Jikokin shanun da Sifaniyawa suka tsallako da su ne tun ɗaruruwan shekaru.

A 1866 aka koro shanu wajen 260,000 zuwa arewa, yawanci da niyyar kai su tashar jirgi ta Sedalia a jihar Missouri. Manoma suka tare hanya da bindigogi. Wasu garkunan aka tarwatsa su, wasu makiyayan aka zane su da bulala. Dalilin manoman ɗaya ne: duk inda shanun Texas suka bi, bayan 'yan makonni shanun gida sai su kama mutuwa. Zan dawo kan wannan, domin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutumin da ya samo mafita sunansa Joseph McCoy, ɗan kasuwar shanu daga jihar Illinois, shekararsa talatin ba cikakku ba. Da na karanta aikin da ya yi sai na ce ai wannan sana'ar Baba ce. Fatoma ne, mai masauki. Ba shi da garke a Texas, ba shi da mahauta a Chicago. Abin da ya hango shi ne mai shanu da mai saye suna bukatar wurin haɗuwa inda ba wanda zai tare hanya, inda akwai ciyawa da ruwa, inda jirgi ke tsayawa. Ya je wurin shugaban wani kamfanin jirgin ƙasa a St. Louis, aka kore shi daga ofis da wulakanci. Ya gwada garuruwan da suka fi Abilene girma, irin su Junction City da Salina, ba su yi na'am da shi ba. Sai ya sauka a wannan ƙauyen da layin Kansas Pacific ya iso a farkon 1867. Ya sayi eka 250, ya sa aka kawo katako ta jirgi, cikin kwana sittin ya kafa kara mai ɗaukar dubban shanu, da babban sikeli, da wurin loda su a tarago. Ya kuma gina masauki mai hawa uku da ya sa wa suna Drover's Cottage, inda masu shanu da masu saye za su kwana su yi ciniki. Bisa dokar jihar ta lokacin, Abilene tana cikin yankin da aka hana shanun Texas shiga, amma manoman wurin 'yan tsiraru ne, gwamna Samuel Crawford kuma ya mara masa baya, sai aka kau da kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai zauna jiran kasuwa ta zo ba. Ya tura mahayi kudu ya bi daji yana neman garkunan da suka rasa inda za su nufa, yana gaya musu an buɗe zango a Abilene. Ka tuna yadda Baba yake aika yara su taro baƙin Fulani tun daga bayan gari kafin wani dillalin ya riga shi? To haka. Ranar 5 ga Satumba 1867 jirgin farko ya tashi da tarago ashirin na shanu zuwa Chicago. A wannan shekarar shanu wajen 35,000 suka iso. A 1871 kuwa waɗanda aka koro zuwa Kansas sun kai kimanin 600,000.

Burtalin da suke bi ana kiransa da sunan Jesse Chisholm, wani ɗan kasuwa ruwa-biyu, uwarsa 'yar ƙabilar Cherokee. Shi kansa ba makiyayi ba ne, sawun kekunan kayansa ne masu shanu suka bi, kuma ya rasu a 1868 kafin sunan ya shahara. Hanyar ta taso daga kudancin Texas, ta tsallaka kogin Red River, ta ratsa ƙasar da aka ware wa 'yan asali wadda yau take jihar Oklahoma, inda wasu ƙabilu ke karɓar kuɗin wucewa a kan kowace saniya, sannan ta shigo Kansas.

Ga amsar tambayarka. Kaboyi makiyayi ne na haya, ba wani abu ba. Garke ɗaya yakan kai shanu 2,500 zuwa 3,000, mutum goma sha biyu ko kusa da haka ke korarsa a kan dawaki, da mai dafa abinci a keken kaya, da yaro mai lura da ragowar dawakin. Mil goma zuwa goma sha biyu suke yi a yini, ba a gaggauta shanu, ana barinsu suna kiwo suna tafiya don kada su isa kasuwa a rame. Wata biyu zuwa uku ana kan hanya. Albashi wajen dala 30 a wata, abinci wake da burodi da kofi da nama. Yawancinsu samari ne, da yawa kuma baƙaƙen fata ne da aka 'yanta daga bauta bayan yaƙi, da mutanen Meziko waɗanda su ne ma asalin masu sana'ar. Waɗannan ba mu gan su a allon silima ba. Abin da ya fi kashe su ba harsashi ba ne: ƙetare kogi in ya cika, da tsawa, da daren da shanu za su firgita su ɓarke da gudu cikin duhu. Shi ya sa masu gadin dare suke zagaya garke a hankali suna rera waƙa ƙasa-ƙasa don shanu su san muryar mutum ce. Da na ji haka sai na tuna yaron nan Bafulatani da ke kwana a bayan kara yana kiran shanunsa da suna ɗaya bayan ɗaya.

In suka iso aka biya su, to nan ne ake samun abin da fim ya ɗauko. Kudu da layin dogo akwai titin da ake kira Texas Street, cike da gidajen giya da caca da mata masu zaman kansu. Arewa da layin kuma mazauna gari da cocinsu da makarantarsu. Daga bazara zuwa kaka garin ba barci, in sanyi ya shigo sai ya koma shiru. A 1870 dattawan gari suka ɗauko wani Tom Smith ya zama shugaban 'yan doka. Dokarsa ita ce ba mai yawo da bindiga a cikin gari, kowa ya ajiye a masauki sai zai tafi. Da hannu yake tilasta ta, naushi yake yi ba harbi ba, kuma garin ya lafa. Amma ka ji yadda ya ƙare. Ranar 2 ga Nuwamba na wannan shekarar ya fita bayan gari kamo wani manomi, Andrew McConnell, da ake tuhuma da kashe maƙwabcinsa a rigimar shanu da suka shiga gona. Manomin ya harbe shi, abokin manomin ya ƙarasa shi da gatari. Mutumin da ya iya da ɗaruruwan samarin Texas, rikicin ɓarnar gona ne ya ci shi. Na je kabarinsa a maƙabartar garin, wani ƙaton dutse aka ɗora a kai. Na daɗe a tsaye a wurin.

Wanda ya gaje shi shi ne Wild Bill Hickok, wanda sunansa ya fi yawo a duniya. Wata takwas ya yi. A daren 5 ga Oktoba 1871 ya harbe wani mai gidan giya, Phil Coe, ya ji gudun mutum a bayansa ya juya ya sake harbi, ashe abokinsa ne Mike Williams da ya taho kawo masa ɗauki. A Disamba aka sallame shi.

Yanzu bari in koma kan cutar, domin ita ce fannin da nake karantawa a nan, kuma ita ta hana ni barci daren da na dawo. Manomin Kansas yana cewa: shanunku sun wuce ta nan, nawa sun kama zazzaɓi, suna fitsarin jini, sun mutu. Makiyayin Texas yana cewa: zo ka duba garkena, nuna mini saniya ɗaya mara lafiya. Kowannensu yana ganin ɗan'uwansa maƙaryaci ne, alhali dukansu gaskiya suke faɗa. An yi ta kame-kame, wasu suka ce yawun shanun ne a kan ciyawa, wasu suka ce numfashinsu ne, wasu suka ce ciwon kofato. Abu ɗaya da kowa ya lura da shi shi ne in ƙanƙara ta sauka cutar takan ɗauke, har aka riƙa barin garke ya shigo da hunturu. Ba wanda ya san dalili.

Kaska ce, aminina. Kaskar nan da muke cire wa tumakin Inna da hannu muna jefawa a wuta. A cikinta akwai ƙwayar cuta da ke shiga jini tana fasa jajayen ƙwayoyinsa, shi ya sa fitsari ke yin ja. Shanun Texas suna kamuwa tun suna 'yan maruƙa, lokacin da jiki ke iya jurewa, sai su tashi da ita ba ta kayar da su. Suna tafiya kaskar da ta ƙoshi tana faɗowa a ciyawa, ta yi ƙwai dubbai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da cutar a cikinsu, su hau saniyar gida wadda jikinta bai taɓa saninta ba. Kafin wannan duka ya faru makonni sun wuce, garken da ya kawo ta ya daɗe da hawa jirgi. Sanyi kuma yana kashe kaskar, ga sirrin hunturu ke nan. Sai a 1893 wasu masana biyu na gwamnati, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar da haka, kuma shi ne karo na farko da aka nuna ƙwaro na iya ɗaukar cuta daga wata dabba zuwa wata. A lokacin an shekara ashirin da rufe karar Abilene. Daga 1906 aka shiga tsoma shanu a ramin ruwan magani jiha bayan jiha, aka yi kusan shekara arba'in ana yi kafin a raba ƙasar da kaskar, ban da wani siririn yanki a kan iyakar Meziko.

Cutar nan muna da ita a gida. Ita ce ke sa bunaji da rahaji su yi kiwo lafiya a filin da saniyar madara da aka kawo daga Turai ba za ta yi wata uku ba. Tun da na gane haka nake tunanin sau nawa aka yi rantsuwa a gaban mai unguwa tsakanin mutum biyu, kowa da gaskiyarsa, abin da ya haɗa su kuma yana maƙale a bayan kunnen saniya. Ba na cewa duk rikicin manomi da makiyayi kaska ce, kai ma ka san akwai son zuciya da zalunci ta kowane gefe. Amma akwai wani kaso da likitan dabbobi zai iya kashewa tun bai kai gaban alƙali ba, kuma saboda wannan kason nake jure sanyin ƙasar nan. Wani abin da zai ba ka sha'awa, jami'ar da nake ciki ita ce ta taimaka wajen kafa tsangayar likitancin dabbobi ta ABU Zariya a shekarun 1960, har yau akwai tsofaffin da in ka ambaci Samaru fuskarsu ke sakewa.

McCoy ya yi ƙoƙarin riƙe zaman lafiya. A 1868 da shanun manoma suka mutu, shi da masu shanu suka haɗa kuɗi suka biya diyya. Amma jirgin da ke kwashe shanu gabas shi ne ke dawowa da manoma. Dokar ƙasar ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma eka 160 kyauta bayan shekara biyar, don haka kowace shekara gonaki suna ƙara cin makiyaya, burtali yana ƙara tsukewa. Wani babba a garin, T. C. Henry, wanda da farko ya ci moriyar kasuwar shanu, ya gwada shuka alkamar hunturu a 1870 ta yi kyau, sai ya ga arzikinsa na cikin sayar da fili ga manoma. A 1871 shanu sun yi yawa har kasuwa ta faɗi, dubbai ba su sami mai saye ba aka bar su su yi hunturu a filin, sanyin shekarar ya zo da tsanani ya kashe mafi yawansu. A Fabrairu 1872 ƙungiyar manoman gundumar Dickinson ta fitar da takarda aka buga a jaridun Texas, tana roƙon masu shanu su nemi wata tashar, domin mutanen gundumar ba za su ƙara ɗaukar ɓarnar ba. Masu shanu suka amsa. Suka koma Ellsworth da Wichita, daga baya Dodge City. Masaukin McCoy ma an ɓamɓare wani sashensa aka loda a jirgi zuwa Ellsworth. A 1874 aka fito da waya mai ƙaya, a 1885 jihar Kansas ta rufe ƙofarta gaba ɗaya ga garkunan Texas.

Na fahimci manoman. Wanda ya shekara yana wahala a gona ya wayi gari shanu 3,000 sun bi ta kanta, ko saniyarsa ɗaya tilo da yaransa ke shan nononta ta faɗi, ba za ka ce masa ya yi haƙuri saboda cigaban gari ba. Amma raina ya ɓaci da yadda aka rabu. Kuɗin shanu ne ya gina shagunan garin da bankinsa, ya mai da bukkoki goma sha biyu birni, da aka tsaya da ƙafa sai aka rubuta wa baƙi takardar sallama.

Shi kuma McCoy, ko da yake an zaɓe shi magajin gari a 1871, bai fita da komai ba. Kamfanin jirgin ya yi masa alƙawarin kaso daga kuɗin dakon kowane tarago tun lokacin da suke ganin abin ba zai je ko'ina ba. Da shanu suka yi yawa, kason ya zama kuɗi mai kauri, sai suka ƙi biya. Ya kai su kotu ya yi nasara, amma kafin kuɗin su fito bashi ya riga ya cinye kara da masaukin. Ya ƙare rayuwarsa yana bin kasuwannin shanu na wasu garuruwa har ya rasu a 1915. A nan ne Baba ya faɗo mini sosai. Ka tuna shekarar da ya saukar da mutumin nan wata guda, ya ciyar da shi, ya haɗa masa shanu mota biyu a kan amana, mutumin ya tafi Kudu da la'adar bai sake waiwayowa ba? Na tuna Baba zaune a kan buzunsa bayan Magariba, bai zagi kowa ba, ya ce Allah na nan. Muna yara ba mu san nauyin abin ba.

In ka samu ya ji daɗin jikinsa, don Allah ka karanta masa wasiƙar nan, ka kuma yi masa tambaya biyu a madadina. Ta farko, shanu nawa ake zubawa a tarago ɗaya a tashar Nguru a zamaninsa, kuma kwana nawa suke yi kafin su isa Legas. Ta biyu, wane suna Fulanin wajenmu suke kiran ciwon fitsarin jinin nan, kuma da wane wata ya fi kama shanu. Ina son in sa amsar cikin aikin da nake rubutawa, da bakinsa yadda ya faɗa. Ka naɗo mini muryarsa a waya in zai yarda.

Na ɗauki hoton layin dogon da na kabarin Tom Smith da na wani sa mai ƙahon da ya fi faɗin hannuwana biyu, zan turo maka ranar Juma'a. Ka nuna wa babban yaronka, tunda ka ce shi ma shanu yake so. Ka gaishe da 'yan majalisa baki ɗaya, da liman, da duk mai tambayata.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka